Tarihin Motocin Gwaji da Dangantakarsu da Ƙasar Boɗinga da Shagari

BABI NA UKU

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bibiyi tarihin motocin gwaji, watau motocin da ake ƙerawa ɗaya ko ’yan ƙalilan domin a jarraba wata sabuwar dabara kafin a yanke shawarar kai ta kasuwa. Za a fara da ma’anar motar gwaji da asalinta a Amurka, sannan a waiwayi waɗanda aka ƙera da nufin ratsa ƙasar Afirka. Daga nan sai a dawo gida, a dubi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Sifawa da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega. Dalilin zaɓen wannan hanya shi ne, a kanta ne garuruwan mutum biyu suke waɗanda sunayensu suka shiga tarihin mota: Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci kamfanin harhaɗa motoci kuma ya mulki Nijeriya, da Jelani Aliyu na Dogon Daji, wanda ya zana ɗaya daga cikin fitattun motocin gwaji na wannan ƙarni. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, kyan dabara kaɗai ba ya mayar da motar gwaji ta zama motar hawa, sai in akwai masana’anta da ƙarfe da tsayayyar manufa a bayanta.

3.1 Ma’anar Motar Gwaji

Motar gwaji tambaya ce da maƙeri yake yi da ƙarfe. Wata tana tambaya a kan siffa, ko jama’a za su karɓi sabon fasali. Wata tana tambaya a kan inji, ko za a iya tafiya da wani makamashi ban da fetur. Wata kuma tana tambaya a kan hanya, ko mota za ta iya bin inda babu kwalta. Saboda haka ba a auna nasararta da yawan waɗanda aka sayar, ana auna ta ne da irin amsar da ta bayar da kuma abin da aka ɗauka daga jikinta aka sa wa motocin da suka biyo baya.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yaron da ya feƙe karan dawa ya haɗa motar kara, ya yi mata ƙafafu da sakaina ko murfin kwalba, gwaji yake yi gwargwadon abin da ke hannunsa. Haka shi ma kafintan da yake ɗora bodin katako a kan babbar mota, ko makaniken da yake ƙara wa a-kori-kura sifirin domin ta ɗauki buhunan gero da albasa ranar kasuwa, duk suna gyara ƙirar da aka yi a wata ƙasa ne ta dace da tasu. Bambancin da ke akwai shi ne, gwajin manyan kamfanoni ana rubuta sakamakonsa a adana, kuma akwai injinan da za su maimaita shi sau dubbai idan ya yi kyau.

3.2 Asalin Motocin Gwaji a Amurka

Masana tarihin mota sukan ɗauki Buick Y-Job ta shekarar 1938 a matsayin motar gwaji ta farko da wani babban kamfani ya ƙera domin nuni. Harley Earl, shugaban sashen zane na kamfanin General Motors, shi ne ya jagoranci aikinta. Tana da fitilun gaba masu ɓuya a cikin jiki, da gilasan ƙofa masu aiki da lantarki, ga ta doguwa kuma ƙasa-ƙasa a zamanin da motoci suke da tudu kamar akwati. Ba a taɓa sayar da ita ba, Earl ne ya riƙa hawanta shekaru da dama, amma fasalinta ya bayyana a motocin Buick da aka fitar bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Kafin ita, a shekarar 1933, Buckminster Fuller ya fito da Dymaxion, mota mai ƙafa uku da siffar kifi, wadda ƙafar baya guda ɗaya ce take juya ta, kuma an tsara ta ɗauki mutum 11. A watan Oktoba na wannan shekara ta yi haɗari a birnin Chicago, direbanta ya rasu, masu niyyar zuba jari suka ja da baya. Uku kawai aka ƙera. A ƙarshen shekarun 1950 kuwa kamfanin Ford ya nuna Nucleon, wadda aka yi tunanin za ta yi tafiya da ƙarfin nukiliya. Wannan ba ta wuce ƙaramin samfuri na ɗorawa a kan tebur ba, domin nauyin garkuwar da za ta kare fasinja daga tururin nukiliya ya fi ƙarfin kowace ƙaramar mota.

Gwajin da ya fi kusa da kaiwa kasuwa shi ne na kamfanin Chrysler, wanda tsakanin 1963 da 1964 ya ƙera motoci 55 masu inji irin na jirgin sama. An ba da aron 50 daga cikinsu ga mutum 203, kowa ya hau na wata uku ya faɗi ra’ayinsa. Injin yana shan kananzir da gas, har ma da man girki. Duk da haka, shan mai a cikin gari ya yi yawa, motar tana jinkirin amsa totur, kuma kuɗin ƙera injin ya yi tsada. Kamfanin ya karɓe motocinsa ya rugurguza 46, saura tara suka rage. Darasin da ke nan shi ne, ko a ƙasar da take da ƙarfe da jari, mafi yawan motocin gwaji a ɗakin adana kayan tarihi suke ƙarewa. Abin da ya sa ba a kiran wannan asara shi ne, sashen zanen da ya yi su yana nan, gobe zai sake wani gwajin.

3.3 Motocin da Aka Ƙera Domin Afirka

Motocin gwaji na farko da suka kusanci ƙasar Sakkwato na Faransawa ne. Kamfanin Citroën ya ƙera wasu motoci masu tayoyi a gaba, a baya kuwa bel ne na roba mai kama da na katafila, domin kada su nutse cikin rairayi. A watan Disamba na 1922 biyar daga cikinsu suka tashi daga Touggourt ta ƙasar Aljeriya, suka keta Sahara suka isa Tambutu a watan Janairu na 1923. A watan Oktoba na 1924 aka sake tayar da guda takwas ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Waɗannan sun sauko Yamai, suka bi ta ƙasar Hausa ta Nijar zuwa Damagaram, suka wuce Tafkin Chadi. Manufar tafiyar ita ce tallata kamfanin da kuma nuna cewa za a iya haɗa ƙasashen da Faransa take mulka da mota. Buƙatar manomi ko falke ba ta cikin lissafin, kuma da aka fara share hanyoyi sai manyan motoci masu taya suka maye gurbinsu.

Bayan shekaru 60, wani Bature ɗan Ingila mai suna Tony Howarth ya zo da wani tunani. A ganinsa motocin da ake kawowa Afirka an yi su ne domin kwalta, don haka ya ƙera Africar, wadda jikinta na katakon falle ne da aka haɗa da danƙo mai ƙarfi, cikinta ya yi nesa da ƙasa, injinta kuwa na Citroën ne. Burinsa shi ne kafinta da makanike na kowane gari su iya haɗa ta su kuma gyara ta. A 1984 motoci uku irin wannan suka yi tafiya daga can ƙuryar arewacin Turai har tsakiyar Afirka. Kamfanin da ya kafa a Lancaster a 1986 ya durƙushe a 1988 ba tare da ya kai ga ƙera motocin da mutane suka biya kuɗinsu ba.

Su ma ’yan Afirka sun yi nasu yunƙurin. A Kenya, Shugaba Daniel arap Moi ya buƙaci Jami’ar Nairobi a 1986 da ta ƙera mota ta gida, aka kuwa fito da samfura biyar na Nyayo Pioneer a 1990, amma ba a kai ga kafa masana’antar da za ta yawaita su ba. A nan ma ana iya ganin cewa samar da samfuri shi ne sashe mafi sauƙi na aikin.

3.4 Shehu Shagari da Zamanin Harhaɗa Motoci

Garin Shagari yana kudu da Boɗinga a kan hanyar Jega, kuma a nan ne aka haifi Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari a shekarar 1925. Ya riƙe muƙamin Ministan Ayyuka na Tarayya a ƙarshen Jamhuriya ta Farko, sannan ya zama Kwamishinan Kuɗi na Tarayya daga 1971 zuwa 1975 a gwamnatin Janar Yakubu Gowon. A wannan lokaci ne kuɗin man fetur suka yawaita, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Turai domin a riƙa harhaɗa motoci a cikin gida. An yi wa kamfanin Fijo na Nijeriya rajista a 1972, masana’antarsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975. A wannan shekara ce kuma Volkswagen ya fara nasa a Legas. Daga baya aka kafa na manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, da Marsandi a Inugu. Bayan Shagari ya bar gwamnati a 1975, ya riƙe shugabancin hukumar daraktocin kamfanin Fijo kafin ya zama Shugaban Ƙasa ranar 1 ga Oktoba, 1979.

Ya kamata a fahimci irin aikin da waɗannan masana’antu suke yi. Ana zana motar a Faransa ko Jamus, a gwada ta a can, a ƙera sassanta a can, sannan a zubo su cikin akwatuna a kawo nan a ɗaura. Shekaru da dama jiragen sama ne suke jigilar sassan Fijo daga birnin Lyon zuwa filin jirgin sama na Kano, daga nan a ɗauke su zuwa Kaduna. Fijo 404 da 504 sun dace da hanyoyin ƙasar nan ƙwarai, shi ya sa suka zama motocin gwamnati da na haya, a-kori-kurarsu kuma ta zama jakin kasuwannin ƙauye irin na Boɗinga da Shagari. Sai dai babu ɗakin zane ko ɗaya a Kakuri da aka ɗora wa nauyin fito da sabuwar mota.

Tsarin da aka yi shi ne, sannu a hankali za a riƙa ƙera sassan a gida, kuma wannan ya dogara ne ga samun ƙarfe. Gwamnatin Shagari ta ba da ƙarfi a nan. Shi ne ya aza harsashin kamfanin ƙarfe na Ajakuta a 1980, aka buɗe na Aladja a 1982, aka kuma kafa masana’antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo. Amma waɗannan uku rodin gini da waya suke fitarwa, alhali jikin mota faifan ƙarfe yake buƙata, kuma babbar tukunyar narka ƙarfe ta Ajakuta ba a taɓa hura ta ba har yau. Da farashin man fetur ya faɗi, gwamnati ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilu na 1982, samun kuɗin waje na sayo sassa ya yi wuya. Sojoji suka kifar da gwamnatin ranar 31 ga Disamba, 1983. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma’aikaci, tsofaffin motocin Turai da ake kira tokumbo suka cika kasuwa. Wani abin lura shi ne, motar da jama’a suka laƙaba wa sunan Shagari a wancan zamani babbar Marsandi ce ƙirar Jamus, wadda ba a ɗaura ko ƙusa ɗaya tata a Nijeriya ba.

3.5 Yunƙurin Zana Mota a Nijeriya

Ganin wannan giɓi ne ya sa a farkon shekarun 1990 aka kafa cibiyar zane da inganta motoci a Zariya, aka kuma kafa Majalisar Motoci ta Ƙasa a 1993. A ɓangaren ɗaiɗaikun mutane, wanda ya fi shahara shi ne Injiniya Ezekiel Izuogu na Jihar Imo, wanda a 1997 ya nuna motarsa Z-600 mai inji silinda huɗu, wadda ya ce mafi yawan sassanta a gida aka ƙera su. Gwamnatin soja ta wancan lokaci ta kafa kwamiti ya duba ta, aka yi alƙawarin tallafin Naira miliyan 235, amma kuɗin ba su fito ba. A watan Maris na 2006 ’yan fashi suka shiga ma’aikatarsa suka kwashe zubin injin da littattafan zanen. Abin da ya sami Z-600 ya bambanta da abin da ya sami motar Chrysler ta fuska guda: a can mota aka rasa, ilmin ya zauna a kamfani, a nan kuwa da mota da ilmin duk a hannun mutum ɗaya suke, suka kuma tafi tare.

3.6 Jelani Aliyu da Chevrolet Volt

Idan matafiyi ya wuce Shagari ya nufi Tambuwal, zai iske Dogon Daji, garin iyayen Jelani Aliyu. An haife shi a Kaduna a 1966, ya tashi a Sakkwato, ya yi karatun sakandare a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato. Ya karanta zanen gine-gine a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Birnin Kebbi, lokacin garin yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, ya kuma yi aiki a Ma’aikatar Ayyuka ta jihar. A 1990 hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Sakkwato ta ɗauki nauyinsa zuwa wata kwalejin zane da ke birnin Detroit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka. Ya kammala a 1994, General Motors ya ɗauke shi aiki. Ke nan ya shiga gidan zanen da Harley Earl ya kafa, wanda ya fito da Y-Job. Ya yi aiki a kan Buick Rendezvous da Pontiac G6, ya kuma yi wani lokaci a kamfanin Opel na Jamus.

Domin a gane muhimmancin Volt, sai an koma baya kaɗan. Tsakanin 1996 da 1999 kamfanin ya ƙera motar lantarki mai suna EV1 guda 1,117, ya ba da su haya, daga baya ya karɓe su ya rugurguza mafi yawansu. Babban abin da ya tsorata masu saye game da irin wannan mota shi ne kada batir ya ƙare a tsakiyar hanya. Volt, wadda aka nuna a bikin nunin motoci na Detroit a watan Janairu na 2007, amsa ce ga wannan tsoro. Lantarki ne yake juya ƙafafunta, an kuma tsara batirinta ya yi tafiyar kimanin kilomita 64. Idan ya yi ƙasa, sai wani ƙaramin injin fetur ya tashi ya juya janareta ya ci gaba da ba da wuta. Zanen Jelani Aliyu ne aka zaɓa domin siffar wajen wannan mota ta gwaji.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi dacewa da jigon wannan babi. Da aka shigar da motar ɗakin gwajin iska, sai aka ga siffarta mai kusurwoyi tana tare iska, wanda hakan zai rage nisan tafiyar batir. Saboda haka wata ƙungiyar masu zane da injiniyoyi ta sake fasalinta, aka fara sayar da ita a watan Disamba na 2010, aka ci gaba da ƙera ta har 2019. Volt ɗin da ta shiga kasuwa ba ta yi kama sosai da ta 2007 ba, amma dabarar ta rayu, domin akwai ɗakin gwaji da ya gano aibin, da injiniyoyin da suka gyara, da masana’antar da ta ƙera.

A 2014 aka haɗe Majalisar Motoci da cibiyar Zariya suka zama hukuma guda ta zane da bunƙasa motoci, kuma Jelani Aliyu ya shugabance ta daga 2017 zuwa 2023. A zamaninsa ne aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas, aka kuma buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a watan Afrilu na 2021, wadda ita ce irinta ta farko da hukumar ta gina. Sai dai ita ma Kona, kamar Fijo 504, a wata ƙasa aka zana ta.

3.7 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa motocin gwaji sun kasu biyu ta fuskar makomarsu. Akwai waɗanda suka fito daga gidan da yake da sashen zane da masana’anta a haɗe, kamar Y-Job da Volt, waɗanda ko ba a sayar da su yadda suke ba, dabarunsu sun wanzu. Akwai kuma waɗanda suka dogara ga mutum ɗaya ko alƙawarin gwamnati, kamar Dymaxion da Africar da Nyayo Pioneer da Z-600, waɗanda suka tsaya a samfuri. Tarihin mutum biyun da suka fito daga hanyar Boɗinga da Shagari ya nuna inda Nijeriya ta tsaya. A zamanin Shehu Shagari an sami masana’anta ba tare da ɗakin zane ba, an kuma fara neman ƙarfe ba a kammala ba. A zamanin Jelani Aliyu an sami mai zane wanda duniya ta yarda da hannunsa, amma sai a Detroit ya sami injinan da za su mayar da zanensa mota. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaron da yake tura motar kara a gefen titin Boɗinga yana da irin basirar da Jihar Sakkwato ta taɓa kashe kuɗi ta tura waje a 1990, kuma amfanin da ƙasarsa za ta ci daga wannan basira ya danganta ne ga ko zai tarar da ɗakin zane da ƙarfe da masana’anta a wuri guda idan ya girma. Babi na gaba zai dubi sana’ar makanikai da kafintocin bodin mota a waɗannan garuruwa biyu, da irin sauye-sauyen da suke yi wa motocin da ake kawo musu.